Ba Mu Kai Salaga Ba

Mu huɗu ne muka tashi daga Legas a hutun ƙarshen shekarar 2019, kowa da jakarsa goye a baya, kuɗin guzuri kuwa muka tara su a hannun babbanmu. Niyyarmu ita ce mu bi gaɓar teku har ƙasar Gana, daga can mu nausa arewa zuwa Salaga, matattarar fataken goron Gwanja, garin da Alhaji Umaru ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanensa. Mun sha jin labarinta a aji, har ta zama mana kamar garin kakanni. Biza ba ta tsare mu ba, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar zaman kwana 90. Fasfo da katin rigakafin shawara kawai aka duba a iyakokin Binin da Togo da Gana.

Zangonmu na farko shi ne Elmina, inda muka shiga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ta faɗa hannun mutanen Holan a 1637, sannan Ingila a 1872. A cikin kurkukun bayi, daura da 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgin ruwa, muka ga Autanmu yana rawar jiki. Muka ce tausayi ne. Washegari a dajin Kakum, mu uku muka hau gadojin igiya guda bakwai da aka rataya a ƙwanƙolin itatuwa, shi kuwa ya zauna a ƙasa, ya lulluɓa da rigar sanyi da rana tsaka. Muka ce gajiya ce, muka ba shi farasitamol.

To, a nan ne laifinmu yake, kuma shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Babu ɗayanmu da bai san zazzaɓin cizon sauro ba, tare da shi muka girma. Sai dai kowa ya yi lissafi a zuci, ya ga kuɗin asibiti zai cinye kuɗin motar Salaga, don haka kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Shi ma Auta, don kada a ce shi ya ɓata tafiya, sai cewa yake yi da sauƙi.

Kwana na uku muka sauka Kumasi. A bakin kasuwar Kejetiya amai ya turnuƙe shi, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Wani mai shayi da ya ji muna salati da Hausa ya haɗa mu da yaro, ya kai mu gidan wani dattijo a cikin zango. Dattijon ya taɓa goshin Auta, ya dube mu.

"Samari, kwana nawa yana haka?"

"Kwana uku, Baba."

"Ku kuma kuna ina?"

Ba mu da amsa. Shi da kansa ya raka mu asibiti. Aka ɗigi jini a yatsa, kafin minti 20 sakamako ya fito. Saboda cikinsa ba ya riƙe komai, da allura aka fara, daga baya ya sha ƙwayoyi na kwana uku. Malamar jinya ta bayyana mana cewa cutar kan yi mako ko fiye a jiki bayan cizo kafin ta nuna kanta, wato tun daga Legas muka goyo ta tare da jakunkunanmu. Ta ƙara da cewa jinkiri ne ke mai da ita mai kisa.

Kwana biyar muka yi a zauren Baba. Kullum da asuba Inna takan aiko da koko mai citta, ta tsaya daga bakin ƙofa sai ta ji an ce mara lafiya ya shanye. Ranar da za mu tashi muka haɗa 'yan sidin da suka rage muka miƙa, Baba ya ture hannunmu. Ya ce kakansa da jaki ya zo daga ƙasar Kano, wani ne ya sauke shi bai san asalinsa ba, kuma a gidansu ba a taɓa sayar da inuwar zaure ba.

Sai a lokacin muka farga. Maigidan da muka karanta a littafi, mai saukar da fatake, mai jinyar baƙo, wanda muke shirin zuwa Salaga mu nemi kufansa, ashe shi ne zaune a gabanmu a kan buzu yana jan carbi.

Muka juyo gida ba mu ga Salaga ba. Auta ya warke sarai, kuma har yau bai taɓa yi mana gori ba, abin da ya fi gorin nauyi a gare mu. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su yi alkawarin ilmin zai yi daɗin ji ba. Namu dai tambaya ce guda, wadda takan faɗo mana duk lokacin da wani na kusa ya ce da sauƙi alhali idonsa na faɗin wani abu dabam: ku kuma kuna ina? Allah ya saka wa Baba da Inna da alheri, mu kuma ya yafe mana.