Daren da Na Kwana da Wasa a Aljihu

A 1995 wani abokina yana tsaron shagon buga takardu a Zariya, kuma a kwamfutar shagon akwai wasan ces, darar nan ta Turawa. Bayan la'asar, in kasuwa ta lafa, sai mu ja benci. Duk ranar da muka sa minti biyar-biyar, kafin shayina ya huce kwamfutar ta gama da ni. Ba wata dabara take yi ta a zo a gani ba. Ni ne gaggawa ke sa in bar doki a sake, ita kuwa ba ta san kawar da kai ba.

Ashe har manya abin bai bari ba. A 1994, a Landan, manhajar Chess Genius ta fitar da Garry Kasparov daga gasar wasan minti 25. Amma da aka zauna dogon zama a Filadelfiya a 1996, inda kowa ke da awa biyu don taku 40, sai ya lallasa kwamfutar Deep Blue da ci 4 da 2.

Ni ɗaukewar wuta ce ta koya mini wannan darasi na dogon zama. Muna tsakiyar wasa fuskar kwamfutar ta yi baƙi, na yi maza na zana inda kowane ɗa yake a bayan wani rasit. Da shi na kwana, da shi na yi karin kumallo. Can na gano cewa in na toshe tsakiyar allon, lissafinta ba shi da abin ci. Sai ta yi ta kai da kawo kamar baƙo a tasha, ni kuwa ina tura sojojina ta gefen sarkinta sannu a hankali. Ƙarin lokaci ita taku ɗaya ko biyu yake ƙara mata a hange, ni kuwa shirme yake rage mini. Washegari na cinye ta, abokina ya sayo mana tsire.

Inuwar ba ta daɗe ba. A Mayun 1997 Deep Blue, mai duba matsayi miliyan 200 a daƙiƙa, ta kayar da Kasparov a dogon wasa. A 2006 manhajar Deep Fritz ta yi wa Vladimir Kramnik 4 da 2 a Bon.

Bara na sake gwadawa da wayar ɗana. Mako guda na ɗauka a kan wasa ɗaya, ita na ba ta daƙiƙa guda a kowane taku. Ban kai taku 30 ba.