Mulufin Kakana

Ranar jajibirin sallah kakana yake buɗe adudunsa. Mu yara sai mu kewaye shi a zauren gidanmu da ke tsohon garin Birnin Kebbi, muna jira ya zaro jan ƙyallen da ake shimfiɗa wa dokinsa bisa sirdi. Ja ne wur, ga kauri ga nauyi. In ka goga shi a kumatu sai ya yi maka ƙaiƙayi, kuma duk ƙurillarka ba ka ganin zaren saƙarsa, don gashin tumakin ya haɗe ya zama abu guda. Ƙamshinsa na kafur ne gauraye da zufar doki. Wata rana na kira shi jan bargo. Tsoho ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, wanga ba bargo ba na, mulufi na."

Sai da na girma na gane irin nisan tafiyar da wannan suna ya yi kafin ya iso bakinsa. Larabawan Magariba suna kiran wannan yadi na ulu malf, mu kuma muka tausasa shi ya dace da harshenmu, ya koma mulufi. Masana harshe sun ce su ma Larabawan daga sunan Amalfi suka samo shi, wani gari a gaɓar teku a kudancin Italiya, wanda jiragen fatakensa ke ciniki da Masar da arewacin Afirka tun ƙarni na 10. Daga Tarabulus raƙuma ke ɗauko shi, su bi ta Gadamus da Gat da Agadas, su sauke a Kano ko Katsina, sannan fatake su yo yamma da shi kan jakuna. Bajamushen nan Barth ya tarar da jan yadi cikin hajar Larabawa a kasuwar Kano a 1851, kuma a 1853 ya ratsa Birnin Kebbi kan hanyarsa ta Timbuktu. Yadin da ya sha wata da watanni a hamada ai ba na kowa ba ne. Alkyabbar sarakai ake yi da shi, da jabba, da adon sirdi, kuma mai ƙaramin ƙarfi in ya samu ɗan yanki sai ya liƙa a kuben takobi ko bakin jaka.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne inda manoma suka kai kalmar. A fadamar Argungu, in damina ta yi nisa shinkafa ta tashi, akwai ɗan tsuntsun da namijinsa ke sake gashi, ya yi ja da baƙi, ya hau kan ciyawa yana kumbura wuya kamar dogari a ƙofar fada. Shi ma mulufi ake ce masa. Talakan da bai taɓa sa alkyabba ba ya ga sarki cikinta a hawan sallah, ya koma gona ya raɗa wa tsuntsu sunanta. Kakana kan nuna mana shi da sanda duk lokacin da muka bi hanyar Argungu, ya ce ga ɗan'uwan shimfiɗar dokinsa nan.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya ja baya, yadin kanti ya cika kasuwa. Dokin kakana ya riga shi tafiya, mulufin kuma asu ya cinye shi a adudu, ba wanda ya lura. Kwanan baya na tambayi samarin gidanmu ma'anar kalmar, babu ko ɗaya da ya taɓa jin ta.

Wanda duk yake da sauran yanki a adudun gado, don Allah ya fito da shi ya shanya, ya kira yara su taɓa, ya gaya musu sunansa. In babu mai kula da shi a gida, a kai shi gidan tarihi na Kanta a Argungu.