An Riga An Biya Fansarmu

Karatu: 1 Bitrus 1:18-19, Ibraniyawa 12:24

Duk wanda ya shiga mota daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi a 'yan shekarun nan ya san shirun da ke sauka da zarar an bar gari. Kowa ya zuba wa daji ido. Maƙwabtanmu Musulmi suna addu'a ƙasa-ƙasa, mu kuma kalma biyu ke fita daga bakinmu: jinin Yesu. Mun faɗe su har sun kusa zama kamar layar da direba ke ratayawa a madubi.

Wata Lahadi bayan sujada, wata yarinya daga zumuntar matasa ta tsayar da mu a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba Fasto, yayana ma ya rufe kansa da jinin Yesu kafin ya hau hanya, amma aka kama shi. Jinin ne bai yi aiki ba?" Mun yi shekaru a makarantar tauhidi, amma amsar da muka ba ta a ranar ba ta gamsar da mu ba, balle ita.

Taimako ya zo daga inda ba mu zata ba. A cikin watan Yuli muka je gaisuwar rasuwa gidan wata dattijuwa 'yar Katolika, wadda iyayenta suka zo Ƙaura saboda aikin jirgin ƙasa. An sace ɗanta a hanyar Zurmi, dangi suka haɗa kuɗi suka kai, amma bai dawo da rai ba. Muka tarar da ita a kan tabarma da carbi a hannu. Ta ce mana, "Fasto, wannan watan Jini Mai Daraja ne a wurinmu. Kullum ina ƙirga wuraren da Ubangiji ya zub da jininsa, sai in ga nawa ɗan bai tafi shi kaɗai ba." Gaskiya, mun taso muna kallon irin wannan ibada da shakka. Amma a ranar muka koma gida muka bincika.

'Yan Katolika sun keɓe watan Yuli domin tunawa da jinin Mai Ceto. Paparoma Pius na 9 ne ya sa idinsa ya zama na dukan ikkilisiyarsu a 1849, a 1969 kuma aka haɗa shi da idin Jiki da Jinin Almasihu. Cikin wannan ibada sukan yi tunani a kan lokuta bakwai: kaciyarsa yana jariri, guminsa a Getsamani, bulalar da aka yi masa, rawanin ƙaya, ɗaukar gicciye, ƙusoshin da aka kafa masa, da mashin da ya soki kwiɓinsa. Ku lura, babu ko ɗaya cikin bakwai ɗin da ke alkawarin cewa mai bi ba zai sha wahala ba. Dukansu suna nuna abin da aka biya ne.

A nan ne kalmar fansa ta buɗe mana ido. Mu mutanen arewacin Zamfara ba sai an fassara mana ita ba. Mun san kuɗin fansa. Mun ga an sayar da gona, da shanun huɗa, da buhunan gero, an zaga da kwano a coci da masallaci, domin mutum ɗaya ya dawo gida. Manzo Bitrus ya tuna mana cewa ba azurfa ko zinariya aka kai domin a karɓo mu daga bautar zunubi ba, jinin Almasihu aka bayar. Bambancin kuwa babba ne. A daji, dangi ne ke biya, kuma gobe za a iya sake kama mutum. A gicciye, Allah ne da kansa ya biya, sau ɗaya tak, kuma babu mai iya ƙwace wanda ya fansa daga hannunsa.

Akwai kuma wata fansar da muka sani: ɗaukar fansa. Ita ce ta daɗe tana hura wutar da ke cin ƙauyukanmu, wannan ya kashe, wancan ya rama, har aka rasa wanda ya fara. A Farawa sura 4, jinin Habila ya yi kuka daga ƙasa saboda abin da Kayinu ya yi. Ƙasar Zurmi da Shinkafi ta sha irin wannan jini, mafi yawansa na maƙwabtanmu Musulmi ne, Allah kuwa yana jin kukansa duka. Amma marubucin Ibraniyawa ya nuna cewa jinin Yesu yana da magana mafi kyau. Na Habila yana neman hukunci, na Yesu yana roƙon gafara, har ga waɗanda suka zub da shi.

Wani fada ɗan Italiya, Gaspar del Bufalo, wanda ya kafa ƙungiyar masu wa'azin Jini Mai Daraja a 1815, ya ɗauki wannan da gaske. A zamaninsa 'yan fashin daji sun addabi ƙauyukan kudu da Roma, har aka ba da umarnin rushe garin Sonnino saboda su. Shi ne ya roƙa a bar garin, shi da abokan aikinsa kuma suka kai wa'azin tuba cikin yankin. Dalilinsu shi ne jinin da ya fanshi fada bai ware ɗan fashi ba. Ba cewa muke kada hukuma ta yi aikinta ba, ko matasa su shiga daji. Muna cewa ne zuciyar da ta san farashinta ba za ta zama gidan ƙiyayya ba.

Da muka sake haɗuwa da yarinyar, muka ce mata jinin bai kāsa ba. Muka tuna mata da Michael Nnadi, ɗan shekara 18, ɗalibin aikin fada na dayosis ɗin Sakkwato, wanda aka sace daga makarantarsu a Kaduna a Janairun 2020 aka kashe. Shi ma na Almasihu ne. Jinin Yesu ba laya ba ne da ke hana harsashi. Shaida ce cewa yayanta yana da Mai shi, ko a gida ko a daji, ko a raye ko a mace. Ta yi kuka, mu ma muka yi, muka durƙusa muka roƙi Allah ya dawo da shi. Har yanzu muna roƙo.

Tsakaninmu da 'yan'uwanmu Katolika akwai bambancin fahimta a kan Jibin Ubangiji, ba ma ɓoye wannan. Amma jini ɗaya ne ya saye mu. Don haka, ƙaunatattun matasa, ku ci gaba da kiran jinin Yesu a kan hanya, amma ku kira shi da sanin abin da kuke faɗa. In ƙoƙo ya iso hannunku a teburin Ubangiji, kada ku yi gaggawa. In aka zo neman gudummawar fanso wani, kada ku fara tambayar addininsa. In zuciya ta ce ku rama, ku tambaye ta wane jini take saurara, na Habila ko na Yesu.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai da ka biya abin da ba za mu iya biya ba, ka tuna da waɗanda ke tsare a daji, ka ta'azantar da iyayen da ke jira, ka juyo da zukatan masu riƙe da bindiga, ka wanke namu daga son ramuwa. Amin.