Ranar Damargu da ruwan tabki

A ƙauyukan Tanut da Belbeji rijiyoyi na da zurfi, shi ya sa da ruwan sama ya sauka mutane da dabbobi ke komawa tabki ɗaya. Mu malamai mun san sakamakon. Idan aka koma makaranta a watan Oktoba, tabkuna ba su ƙafe ba, kuma zawo ne ke yawan hana yara zuwa aji.

Wannan ya sa nake bibiyar wani bincike. A 1972, Fujishima da Honda a Japan suka nuna cewa haske na sa sinadarin titaniyam dayoksaid aiki a cikin ruwa. Shi ne farin garin da ake sawa a fenti. Idan aka shafa shi siriri a jikin gilashi, haske ya faɗa masa, yana wargaza ƙwayoyin cuta da ragowar maganin ƙwari. Matsalarsa ita ce da hasken da ido ba ya gani yake aiki, wanda kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na hasken rana. Tun daga 2001 masana ke cuɗa shi da naitirojin don ya yi aiki da hasken da muke gani. Ga mai zama Damargu, inda rana ba ta tsada, wannan albishir ne.

Sai dai abin bai iso kasuwarmu ba, yaro kuwa yau yake jin ƙishirwa. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne wanda ke hannu: a zuba ruwa a farar gorar roba mai tsabta, a kwantar da ita a rana awa 6, ko kwana 2 idan akwai hadari. Rana za ta kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire guba.

Sharaɗin duka biyun ɗaya ne: haske ba ya ratsa ruwan laka. Dole a bari ya kwanta, ko a sa masa dakakken ƙwayar zogale, sannan a tace.

Iyaye, idan yaro ya jera gorori a kan rufin ɗaki, kada a kore shi. A tambaye shi awa nawa suka yi.