Hunturu a Ƙofar Durɓi

Mu da aka haifa a Agege, abin da muke kira hunturu ɗan hazo ne da ke sauka a Legas wajen ƙarshen Disamba. Leɓe ya bushe, a yi ta atishawa, kafin ka ankara zufa ta dawo. Ɗari na gaske a bakin iyayenmu muke jin labarinsa, su da fataucin goro da shanu ya kawo Kudu. A Janairun da ya wuce ɗaurin auren wani ɗan'uwa ya kai ni birnin Katsina, aka sauke ni a wani tsohon gida a unguwar Ƙofar Durɓi. Can na sha ɗarin a jikina, na kuma ga mutanen da suka iya zama da shi, ko da lantarki ko babu.

Tun daga Bichi hazo ya tare gabanmu, har direba ya kunna fitila da rana tsaka. Haka muka bi Tsanyawa da Kankiya da Caranci, itatuwan bakin hanya duk sun yi furu-furu. A Lambar Rimi na hango dogayen fankokin nan 37 da aka kafa don iska ta ba da megawat 10 na lantarki, hazo ya haɗiye kawunan na nesa. Iskar da aka kafa su dominta ita ce ke kaɗowa daga arewa maso gabas tun Nuwamba har wajen ƙarshen Fabrairu, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A Katsina ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 da asuba a wannan wata, wasu ranakun ma ƙasa da haka. Bature zai ce wannan ba komai ba ne, amma busasshen sanyi ne mai tafe da iska, yana tsaga dunduniya, yana shiga ƙirjin tsoho da jariri. Kuma ba yau aka fara ba. Matafiyin nan Clapperton ya rubuta cewa a Disamban 1823, a hanyarsa daga Borno zuwa Kano, sun wayi gari saman ruwan da ke cikin ƙorai ya daskare.

Ƙofar Durɓi na gefen gabas na tsohuwar ganuwa. Sunanta na tuna wa mutum Durɓawa, waɗanda suka yi sarautar ƙasar kafin Muhammadu Korau, da kaburburansu na Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Ga mai kwana a unguwar kuwa, zaman gabas ɗin yana da wata ma'anar: iska ba ta sha wahalar neman ka ba.

Gidan da na sauka na ƙasa ne. Sai ka ratsa zaure, ka karya kwana, ka ratsa wani, sannan ka fito tsakar gida, kuma a kowace kwana iskar da ta biyo ka tana rage ƙarfi. Ɗakin da aka ba ni soro ne, ƙofarsa ta ba gabas baya, tagarsa ƙarama can sama. Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Na kasa kunne ina jiran abin da na saba ji a gida, wato tsaki daga kowane ɗaki, sannan rurin janareto layi-layi. Shiru. Wata yarinya ta ɗauko fitilar sola da ta wuni a kan katanga tana shan rana, ta rataye a ƙusa, hira ta ci gaba daga inda take. Da dare ya raba na farka ina jin iska na kaɗa ƙyauren langa-langa a maƙwabta, amma ni bargo ɗaya ya ishe ni. Na kai hannu bango, sai na ji shi da ɗan ɗumi.

Da safe na tambayi maigidan, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, ƙanen kakata ta wajen uba.

"Baba, wuta aka hura a bayan ɗakin nan jiya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wace wuta, ɗana? Ranar jiya ce ka kwana da ita. Taho ka gani."

Ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce in auna kaurin bangon. Daga gwiwar hannuna zuwa yatsu bai kai ƙarshensa ba. Da tubali aka gina shi, irin mulmulallen nan mai tsinin kai da ake busarwa a rana, a jera shi sahu-sahu ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Rufin kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, an gicciya ta, an shimfiɗa zana, an zuba ƙasa mai kauri a kai, aka shafe da makuba don kada ruwa ya ratsa. Ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Rana za ta wuni tana dukan bango, zafin na ratsawa sannu a hankali, ba zai iso ciki ba sai dare ya yi, daidai lokacin da ake bukatarsa. Sanyin dare shi ma haka zai yi ta ratsowa, ya iso ciki da rana tsaka. Shi ya sa ɗaki ɗaya ke ba ka ɗumi a hunturu, ya ba ka sanyi a bazara. A bayan gidan ango ya gina nasa ɗakin na bulo da kwano, ya sha fenti da tayil, gwanin kyau. Abokansa da suka kwana a ciki sun fito da asuba suna karkarwa, kowa da hular sanyi har kunne.

Daga baya na je na ga hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta asalinta da zamanin Korau, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Duka na ƙasa ne. Amma ɗakin da na kwana a ciki ya fi su burge ni, domin shi har yanzu aikinsa yake yi.

Sai dai abin da ya fi zauna mini a rai ba ginin ba ne, tsarin da uwargidan ta kafa wa wuta ne. Kowa a gidan Inna yake ce mata. Da magariba jikokinta za su hura gawayi a kasko a tsakar gida, a bar shi a waje har baƙin ya ƙare, ya zama jan garwashi. Sannan a shiga da shi ɗakinta, a ajiye a tsakiya nesa da katifa da labule, yara su kewaye suna miƙa tafin hannu, ana gasa gyaɗa da dankali, ita kuma tana kan tabarma da carbinta. Ƙofa ba a rufe ta ruf, sai an bar tsaga. Da ta ga ƙananan sun fara gyangyaɗi sai ta ce a fitar. Babban jikanta zai ɗauki kaskon ya kai bakin murhu, ya binne garwashin da toka, ita kuma ba za ta kwanta ba sai ta leƙa da tocila ta gani.

Wani dare da sanyin ya tsananta, ƙaramar jikarta ta marairaice. "Inna, don Allah a bar mana shi yau kaɗai."

"A'a, 'yar nan. Ku matso ku haɗa bargo. Garwashi ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum a gidan nan."

Ta juyo gare ni ta ce tun tana amarya ta ga an fitar da mutum biyu daga ɗaki a unguwarsu, ba ƙuna ko ɗaya a jikinsu, kasko ne kawai suka kwana da shi ƙofa a rufe. Inna ba ta yi boko ba, amma abin da take gudu shi ne abin da likitoci ke kira kabon monoksaid, iskar da gawayi ke fitarwa ko da ya daina hayaƙi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta tare wurin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Wanda ke farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba zai ji komai ba. Mu a Legas mun san ta ta wata hanyar: iyali su shigar da janareto cikin baranda ko kicin saboda tsoron ɓarawo, da safe maƙwabta su fasa ƙofa. Kuma kada a ce talauci ne ko rashin ilimi. A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da lantarkin jihar Texas ta Amurka, gidaje da shaguna sama da miliyan 4 suka shiga duhu, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Cikinsu har da waɗanda wannan iska ta kashe, saboda sun kunna gawayin gashi a ɗaki, ko sun tayar da mota a rufaffen gareji don su ji ɗumi. Da akwai irin Inna a waɗannan gidajen, da wasu suna raye.

Dokarta ta biyu ta shafi lantarkin kansa. Da zarar an ɗauke, akwai yaron da aikinsa shi ne ya zaga ɗaki-ɗaki ya kashe makunni, ya zare dutsen guga da hitar dafa ruwa. Dalili a fili yake. Mace za ta tsoma hita a bokitin roba, a ɗauke wuta, ta manta, a dawo da ita cikin dare kowa na barci, ruwa ya ƙone, roba ta kama. A wannan yanayi kuwa komai a bushe yake, ga iska na jiran ta ɗauki harshen wuta ta kai gidan maƙwabci. Katsinawa ba su manta da gobarar babbar kasuwarsu ta Maris ɗin 2021 ba. Kyandir ma ba ya shiga ɗakin yara, kara da itacen girki kuma suna can kusurwar da ta fi nisa da murhu.

Asubar unguwar ma abar kallo ce. Kafin kiran salla an ɗora babbar tukunya, kowa ya zo da butarsa a surka masa ruwan alwala, a fara da tsofaffi. Ana fitowa masallaci sai layin mai koko da ƙosai, kokon ya ji citta da kanumfari da barkono har yana sa gumi. Teburin mai shayi ya cika, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyin gwanjo, wani ya ɗora babbar riga a kan suwaita, wani ya naɗe kai da rawani har hanci. Ka ce wa mutum "Ina ɗari?" ya ce maka "Lokacin abinshi ne." Yara ba a yi musu wanka sai rana ta ɗaga, a shafe su da man kaɗe tun daga goshi har tafin ƙafa. Da hantsi dattawa za su fito da tabarmi jikin bangon da rana ta fara taɓawa, su yi ta matsawa tare da ita har azahar.

Ba duk abin da aka gada ne Baba ke karewa ba. Ya nuna mini wani ɗaki da a da yake da gadon ƙasa, irin wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego ta kwanta. Ya ce shi da kansa ya sa aka rushe, bayan likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa wannan gashi, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kunun kanwa mai yawa, na da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Wannan ya ƙara mini ganin girman gidan. Suna riƙe abin da ya amfane su, su ajiye wanda ya cutar.

Akwai kuma waɗanda ba su da bango kowane iri. Da dare za ka hangi almajirai sun kewaye wutar kara da allunansu, gaba ya ji ɗumi, baya na shan iska. A gidan Baba zauren farko nasu ne idan hunturu ya shigo. An shimfiɗa musu tabarmi da buhuna, Inna ta fito da tsofaffin barguna, da sharaɗi ɗaya: ba a shiga da wuta. Wanda ya ji labarin almajirai 17 da gobara ta kashe cikin dare a Ƙaura Namoda a Fabrairun 2025 ba zai ga tsaurin wannan sharaɗi ba. Na san ba kowane yaro a birnin ke samun irin wannan zaure ba, kuma wannan nauyi ne a kan iyayen da suka turo su da masu gari baki ɗaya. Amma na ga gida ɗaya da ya ɗauki nasa kason ba tare da ya jira kowa ba.

Gidajen ƙasa suna raguwa a Ƙofar Durɓi, kamar ko'ina. Ba na zargin mai rushewa, domin soro na son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, azara ta yi tsada, magina masu hannu kuma sun tsufa. Roƙona ga Katsinawa shi ne, wanda zai sabunta gidan gado ya bar ko da ɗaki ɗaya na ƙasa don tsofaffi da jarirai, ya kuma tura yaro ya koyi aikin wurin maginan da suka rage. Kai kuma ɗan'uwana na Agege ko Sabon Ibadan, in tafiya ta kama ka zuwa Katsina a Janairu, ka tafi da rigar sanyi da safa da man shafawa, in an tambaye ka inda za ka kwana ka ce a ɗakin soro.