Allon Mutum Guda

A 2020 kamfanin Sony ya fito da allo mai nuna hoto da tudu da zurfi, ba tare da tabarau ba. Ƙaramar kamara ke bin idanun mai kallo duk inda ya karkata, sai na'ura ta ba idon dama hotonsa, na hagu nasa daban. Amma mutum guda kaɗai take bi; na gefensa ba ya samun zurfin.

Wannan ne ya tsaya mini a rai, ni mai koyarwa a Guna ta ƙasar Damagaram, inda ɗalibai ke cushe a benci. Talabijin ɗin makaranta da Nijar ta soma a 1964 baƙi da fari ne, amma akwati guda ya wadatar da aji. Wannan kuwa, in an girka mini shi, dole in zaɓi yaron da zai zauna gabansa, sauran su jira.