Kwana Uku A Paga, Inda Waya Kan Ɓata Hanya

A wannan wata tafiyarmu ta kai mu Paga, wato garin ƙarshe a kan babbar hanyar arewa kafin mutum ya taka ƙasar Burkina Faso. Daga Tamale zuwa Bolga wajen kilomita 160 ne, daga Bolga kuma a bi ta Navrongo a ƙara kamar 40, sai ga ka a bakin ƙofar iyaka. Tsallaken ƙofar Dakola ce, gaba kaɗan Po, daga nan sai Wagadugu.

Garin na Kasena ne, sarkinsu shi ake kira Paga Pio. Baƙo kuwa abin da ya fi sani da shi shi ne kadoji. Akwai tafkin sarki a bakin hanya, akwai na Zenga a cikin gari, kuma mutanen Paga ba su kashe kada ba su cin namansa. Baƙo ya sayi kaza, masu kula da tafkin su kira kada ya fito tudu, a riƙe wutsiyarsa a ɗauki hoto. Mun riƙe, amma da hannu ɗaya, ɗayan yana shirin gudu. A Nania kuma, bayan gari, akwai duwatsun Pikworo inda aka riƙa tsare bayi kafin a kora su kudu zuwa kasuwar Salaga. Har yau ana ganin ramukan da aka fafe a jikin dutse, inda ake zuba musu abinci. Bahaushen da ya san tarihin fataucin Gwanja ba ya tsayawa a wurin nan ya fita da dariya a bakinsa.

To amma abin da ya cinye mana yawancin kwanakin ba a tafki yake ba, a bakin iyaka yake. Nan manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema suke yin layi, wasu za su Burkina, wasu Mali, wasu Nijar. Daga can kuma shanu da albasa da tumatir ke gangarowa. An rufe wannan ƙofa ga matafiya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ba a buɗe ba sai Maris na 2022, kuma duk wanda ka taɓa wa zancen sai ya girgiza kai. Tsakanin masu canjin sidi da sefa da lemomin masu MoMo, akwai teburan masu gyaran waya. A inuwar ɗaya daga cikinsu muka samu benci, domin maigidan Bahaushe ne, haihuwar zangon Yendi, kuma shayinsa ba ya yankewa.

Abin da muka lura shi ne, da yawa daga masu kawo masa waya ba faɗuwa ta yi ba, ba ruwa ta sha ba. Kukansu ɗaya ne: jiya lafiya lau, da dare ta sabunta kanta, abin da yara ke ce wa afdet, da safe ta canza hali.

Cutar da ta fi zama ta Paga ita ce ɓatan hanya. Sandunan sadarwar Ghana da na Burkina suna kallon juna a nan, kuma waya in an bar ta ta zaɓi sabis da kanta, wanda ya fi ƙarfi take kamawa, ba ta san hukumar shige da fice ba. Mutum yana zaune a ƙasarsa, wayarsa ta yi ƙaura, ana cajinsa kuɗin baƙo. Mutanen gari sun daɗe da sanin maganin: a shiga saitin layi a kashe zaɓin kai-tsaye, a zaɓi MTN ko Telecel ko AT da hannu, a kuma kashe data ta ƙetare. Sai dai sabuntawa wani lokaci takan mayar da waɗannan saituna yadda suka zo daga kamfani ba tare da sallama ba. Direban da ke da layi biyu, na Ghana da na Orange ko Moov, shi ma yakan tarar an juya masa, data tana fita ta layin da bai nufa ba. Gyaran bai kai minti biyu ba, kuma abokinmu ba ya karɓar ko kwabo a kansa. Direbobin Bawku da muka sha shayi tare sun ce nasu ya fi haka, domin wajen Kulungugu Burkina ce ke jan waya, wajen Pulmakom kuma Togo. Ga shi tun da rikicin garin ya sake tashi a ƙarshen 2021, dokar hana fita ta sha hawa kansu, direba ba ya tashi sai ya buga ya ji labarin hanya. Waya a wurinsa ta wuce abin ado.

Sai kukan batir da zafi. Wannan shi ne wanda ya fi sa mutane asarar kuɗi a banza. Bayan babbar sabuntawa waya takan yi kwana ɗaya ko biyu tana sake jera kayanta a ciki, tana cin caji, tana ɗumi. Ka haɗa wannan da ranar Maris da Afrilu a nan arewa, lokacin da zafi ke kai digiri 40, sai mai waya ya rantse batir ya mutu. Shawarar da muka ji ana maimaitawa ita ce a kashe ta a kunna, a sabunta su WhatsApp da Facebook su ma domin su dace da sabon tsarin, a raba ta da gaban gilashin mota, a ba ta kwana biyu. In ta wuce haka ba ta huce ba, to sannan a nemi wanda ke shan cajin. Wadda ta koma tafiyar hawainiya kuwa, sau da yawa cikinta ne ya cika. Waya mai giga 16 ko 32 da aka ɗura wa bidiyon biki da na wa'azi na shekara uku ba ta da wurin juyawa. A kwashe su zuwa memori, sai ta numfasa. In intanet ne ko bulutut ya ƙi, akwai wurin da ake mayar da saitin sadarwa kaɗai sabo, ba ya taɓa hoto ko lambar kowa, illa dai a sake shigar da lambobin wayfay.

Babbar magana tana ga wayar da ta tsaya a kan tambarin kamfani, ta kunna ta kashe, ta ƙi wucewa. Yawanci caji ne ya ƙare ko wuri ya gaza ana tsakiyar aiki, shi ya sa ba a fara sabuntawa sai batir ya haura rabi. Ranar da muka cika kwana biyu wata Hajiya mai fataucin tumatir ta kawo irin wannan. A wayoyi da yawa, in an danne maɓallin kunnawa tare da na ƙara murya, wani baƙin allo yakan fito da 'yan layuka na Turanci. Biyu daga cikinsu maƙwabtan juna ne, kuma da kalma ɗaya suka fara. Ɗaya yana share tarkacen wucin gadi ne kawai, ɗayan yana share komai da komai. Abokinmu ya ce mata, Hajiya a yi haƙuri a zauna, ba zai taɓa na biyun ba sai ya gwada duk wata dabara. Allah ya taimaka, na farkon ya isa.

Dalilin da ya sa muka tsaya a kan wannan shi ne abin da ke cikin wayar. Hajiya ba ta da littafin lissafi. Kwando nawa ta aika Kumasi, wa ya biya, wa ya ce sai kasuwa mai zuwa, duk suna cikin saƙon murya na WhatsApp, da muryar mai bashin kansa, da Hausa ko Mosanci ko Tiwi. Fataken da, masu goro daga Salaga zuwa Kano, malami suke nema ya rubuta musu wasiƙa, har Alhaji Umaru, wanda ya zauna Salaga kafin yaƙin 1892 ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, ya wallafa littafi kan yadda ake rubuta ta. Takarda tana jure faɗuwa da rashin caji. Saƙon murya kuwa yatsa ɗaya ke shafe shi, kuma mai bashin da ya ji wayarki ta goge ba kowa ne ke tuna adadin daidai ba.

A nan ne muke ganin laifin wasu masu gyara, waɗanda kowace cuta maganinta a wurinsu filashin ne, domin shi ya fi sauri kuma ya fi kawo kuɗi. Bayan an goge ɗin ma ba a gama ba. Tun 2015 wayoyin Android suna da makullin hana ɓarayi: in an goge waya ta wannan baƙin allo, ba za ta buɗe ba sai an shigar da adireshin Google da kalmar sirrin da ke kanta a da. Abokinmu yakan tambayi mai waya, Baba, wa ya buɗe maka? Amsar kusan kullum ɗaya ce: yaron shagon da na saya, ko jikana da ke Ankara. Ba a rubuta ba, yaron ya manta. Ajiyar hirarrakin WhatsApp ma a cikin wannan adireshi take, in an kunna ta tun farko. Kuma dawo da ita sai da lambar da za a turo ta layin, alhali layukan da ba a haɗa da Ghana Card ba an rufe su a 2023, wasu kuma da sunan wani aka yi musu rajista. Mun ga dattijo mai shanu da wayarsa a hannu, tasa ce halak malak, amma ta zama kamar ta sata.

Wani zai ce to a daina sabuntawar mana. Ba ta yiwuwa har abada, domin a Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ba su kai Android 5 ba, kuma a cikin sabuntawa ake toshe kafofin da 'yan damfara ke bi. Abin yi shi ne a zauna da yaron nan tun waya tana lafiya, a karɓi adireshin da kalmar sirrin, a rubuta a takarda ko da ajami ne, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Wadda garantinta bai ƙare ba a kai ta wurin masu ita, kamar Carlcare mai kula da Tecno da Infinix da itel a manyan garuruwa, ko da kuɗin mota ya ci. Kafin a miƙa waya ga kowane mai gyara a zare layi da memori. Wanda kuma ya bugo ya ce daga ofis yake, za a sabunta maka asusun MoMo ka faɗi lambar sirri, ɓarawo ne, a kashe masa waya. Babu sabuntawar da ke neman wannan lamba.

Ranar komawa mun sayi zabi gasasshe a tasha muka shiga motar Bolga. Direban ya tuna wa fasinja cewa duk wanda ya kulle wayarsa a kan sabis ɗaya saboda iyaka, yana iya sake ta in mun wuce Navrongo. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa rijiyoyin Salaga.